Daren da batir ya mutu mana a gindin ƙanƙarar Athabasca

Yaron da ya miƙa mini makullin motar haya mai ɗaki a Calgary ta ƙasar Kanada ya ce zai zagaya da ni ya nuna mini komai, abin zai ɗauki kamar minti arba'in. Na dubi agogo, na dubi yara da tuni suka haye gadon da ke saman mazaunin direba suna ta tsalle, na ce masa ya taƙaita. Shekara ashirin ina tuƙi, na yi Kano zuwa Legas cikin dare ba sau ɗaya ba, me ɗan wannan yaron zai koya mini a kan mota? Ya tsaya gaban wani ɗan allo mai ƙananan fitilu kusa da ƙofa yana maganar batir na biyu, ni kuwa ina ta gyaɗa kai, hankalina yana kan ko za mu isa gandun dajin Banff kafin la'asar. Wannan gyaɗa kan ne ya cinye mini kuɗin ajiyata kaf. Har yau in uwargida tana so ta kashe bakina a kan wata magana, ba ta dogon bayani, sai ta ce, "Minti arba'in."

Mu biyar ne: ni da ita, yara biyu, sai ƙanenta da ke karatu a Edmonton. Motar irin mai ɗaki ce, tsawonta ƙafa 25, da gadaje da murhu da firji da bayi duk a ciki, kuma lasin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. Makon ƙarshe na Satumba muka zaɓa da gangan. Yara sun koma makaranta a ko'ina, cunkoso ya ragu, kuɗin haya ya sauko, kuma lokacin ne itatuwan larch ke rikiɗa su koma ruwan zinariya kafin su zubar da ganye.

Kwana biyun farko a Banff babu abin ba da labari, kuma su ne suka yaudare ni. Wurin da muka kama yana da wutar lantarki, ka zaro waya daga gefen mota ka soka a jikin turke shi ke nan. Hita ta kwana tana aiki, aka yi cajin wayoyi, aka yi wanka da ruwan zafi, uwargida ta tuƙa tuwo kamar a kicin ɗinta. Abin da kawai ya tayar mana da hankali shi ne barewar nan da suke kira elk, mai girman doki. Satumba lokacin barbararsu ne, mazan suna kwana suna wani irin kuka mai kama da busar sarewa, kuma suna iya kai wa mutum hari. Ma'aikatan gandun suna cewa a ba su tazarar mita 30, beyar kuma mita 100. Ƙanenta ya so ya matsa ya ɗauki hoto, ta daka masa tsawar da ban taɓa ji ta yi ba.

Daga Lake Louise muka hau hanyar da muka zo dominta, Icefields Parkway, kilomita 230 da 'yan kai zuwa Jasper. Gidan mai ɗaya ne tal a tsakani, a Saskatchewan River Crossing, kuma kusan duk tsawon hanyar waya ba ta da sabis. Wannan na biyun na sani tun kafin mu taso, har ina murna wai zan huta da kiran ofis. Ban kawo a raina cewa ranar da zan buƙaci tambayar intanet abu ɗaya tak ba zan samu ba.

Hanyar dai, ban san yadda zan faɗa ba. Kana tafe dutse a dama dutse a hagu, kowanne da farin rawaninsa, kogi kuma yana biye da kai kamar ɗan rakiya. Ruwan ba shuɗi ba ne sosai, ba kuma kore ba, kamar an zuba madara a cikin shuni. Dalili shi ne ƙanƙarar da ke kan duwatsun tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta ya zama gari mai laushi, garin ya bi ruwa yana yawo bai kwanta ba, haske kuma ya faɗa a kansa. A tafkin Peyto 'yarmu Ummi ta tambaye ni ko fenti aka zuba. Bayan an wuce mahaɗar kogin North Saskatchewan sai hawa ya soma gadan-gadan, motar tana nishi, mai yana sauka kana kallo, har muka kai Sunwapta Pass, sama da mita 2,000 daga doron teku.

Da yamma muka taka zuwa bakin ƙanƙarar Athabasca, wadda harshe ɗaya ce daga cikin harsunan babban filin ƙanƙara na Columbia. A gefen hanyar ƙafa an kakkafa alluna masu shekaru, kowanne yana nuna inda bakin ƙanƙarar yake a wannan shekarar, sai ka yi ta tafiya kana wuce su, ita kuma tana can gaba ta ja da baya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ruwan da ke narkewa daga wannan fili yana rabuwa uku: wani ya nufi tekun Fasifik, wani ya bi kogin Athabasca zuwa tekun Arktik, wani ya bi Saskatchewan har Hudson Bay. Iskar da ke gangarowa daga kanta kuwa kamar reza. Mai hankali da ya ji wannan iskar da ƙarfe biyar na yamma zai yi tunanin yadda za ta kasance da ƙarfe uku na dare.

Muka kama wuri a wani ƙaramin sansani da ba shi da nisa da nan. Sansanonin wannan hanya mafi yawansu babu lantarki, daga teburi sai wurin hura wuta sai masai. Uwargida ta leƙa ta taga ta ce, "Abban Ummi, ban ga turken wuta ba fa." Na ce mata hita ai da gas take aiki, tukunyar gas kuma cike take. Rabin gaskiya na faɗa, kuma rabin da na sani ke nan. Gas ne ke ba da zafin, amma fankar da ke hura zafin cikin ɗaki batir take ci, wancan batir na biyun da yaron yake ta nuna mini. In ƙarfinsa ya yi ƙasa, fanka ba za ta juya yadda ya kamata ba, hita kuma ba ta kunnuwa sam in fanka ba ta juya ba. Ko da tukunya goma gare ka.

Daren farko lafiya lau. Da a ce mun tashi da safe kamar yadda muka tsara, da injin ya cika batirin a hanya, da ban san akwai wata matsala ba har in mayar da motar. Amma gari ya waye da kyau irin na ban mamaki, kuɗin kwana a nan bai kai na wurin mai lantarki ba, sai na ce mu ƙara dare ɗaya. Ko motar ban tayar ba ranar, don kada mu fita wani ya kame mana wuri. Da ƙafa muka hau wata hanya ta bayan sansanin, muka ga tumakin dutse masu murɗaɗɗun ƙahoni suna kiwo ko kallonmu ba sa yi. Muka dawo aka kunna fitilu, aka jona wayoyi uku da kwamfutar hannun yara, famfo yana ta aiki ana wanke-wanke. Duk daga batir ɗaya, wanda ya riga ya kwana yana juya fanka, sanyi kuma yana ƙara rage masa ƙarfi. Na so in adana kuɗin dare ɗaya. Garin neman gira.

Wajen ƙarfe biyu wata ƙara ta tashe ni, ƙit, ƙit, ƙit, daga ƙasa kusa da firji. Na haska fitilar waya, sai na ga na'urar da ke gano yoyon gas ce take ƙyafta ido. Hita shiru. Gabana ya faɗi. Na fita da gudu ba ko takalmi na rufe tukunyar gas, na dawo na buɗe tagogi da ƙofa da murfin sama, na ce kowa ya naɗe cikin bargo. Ƙanenta ya ce, "Yaya, ko a tayar da mota mu samu ɗumi?" Na ce kul, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe mu gaba ɗaya. A kan rufe gas da buɗe taga ban zargi kaina ba, ko gobe na yi zaton gas na yoyo haka zan yi. Abin da ke cina shi ne babu wani yoyo. Na'urar tana wannan kukan ne in wutar batir ta yi ƙasa, kuma abin da ƙanenta ya faɗa na hana, shi ne maganin.

Haka muka zauna mu biyar a gado ɗaya, yara a tsakiya, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Na san sanyin Edmonton, amma a can kullum akwai bango da hita a bayanka. Nan kuwa gwangwani ne kawai tsakaninmu da dutsen ƙanƙara, gwangwanin ma na buɗe shi da hannuna. Uwargida ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Da asuba na murɗa famfo don alwala, ko ɗigo. Na ɗauka rashin wuta ne kawai. Gorar ruwa ɗaya da Ummi ta kwana rungume da ita muka raba, kowa ya wanke gaɓoɓinsa sau ɗai-ɗai, muka yi salla haƙora suna kaɗawa.

Da rana ta fito wani dattijo da ke wurin da ke kusa da namu ya ga ƙofarmu a buɗe ya ƙaraso da kofin shayinsa a hannu. Ya shinshina, ya danna maɓallin ɗan allon nan, fitila ɗaya ja ta kawo da ƙyar. Ya ce in tayar da inji. Na tayar, ma'aunin gaban mota ya nuna 7 ƙasa da sifili, kukan na'urar ya tsaya nan take. Muka buɗe gas, ba a jima ba fanka ta soma juyawa. Ya yi mini bayanin duka cikin minti biyar, a tsaye, ba tare da ya yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Sannan ya tambaya ko na kashe famfon ruwa, wato ɗan injin da ke turo ruwa daga tanki. Na ce e. Ban kashe ba, ban ma san yana da maɓallinsa daban ba, kunya ce ta amsa.

Wannan ƙaryar ta fi mutuwar batirin tsada. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma cikin dare ya riga ya tsaga wata 'yar kwalbar roba da ke jikin famfon, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, jikin bangon waje. Muna zaune a rana muna shan kunu, ciki ya ɗumama, ƙanƙarar ta saki, famfon ya ji matsi ya ragu ya kama aiki shi kaɗai. Ya yi ta turo ruwan tanki cikin kabad. Sai da ƙaramin ya shiga ɗauko hularsa ya fito yana cewa, "Abba, kogi ya shigo mota." Garin tuwo ya zama kunu, dardumai suka jiƙe sharkaf, ruwa ya bi ƙarƙashin ledar ƙasa ya shiga katako. Da na kashe maɓallin, abin da zan biya kuɗin 'yar roba ce kawai.

Sauran kwana ukun da jarka da buta muka yi su, kuma in akwai abin da zan ce kowa ya saka a kayansa to buta ce, ita kaɗai ce ba ta ba mu kunya ba. Gangaren da ke bayan filin ƙanƙarar na sauka da ƙaramar giya ban dogara da birki ba, wannan kam na iya. Muka tsaya a magangarar Athabasca, inda kogin gaba ɗaya yake matsewa cikin tsagin dutse ya faɗa mita 23 da rugugi. Daga nan zuwa Jasper sai baƙaƙen itatuwa tsaye ba ganye, tabon gobarar Yulin 2024 da ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin. Na yi shiru da ƙorafin katakona na ɗan lokaci.

Wanda zai bi wannan hanya a ƙarshen Satumba, kada ya yi dare biyu a jere ba lantarki sai in ya tuƙa motar sosai a tsakani, ko yana da janareto, shi ma awanni ƙalilan aka yarda a kunna shi a sansanonin gandun. Ya danna ɗan allon nan kafin ya kwanta. Ya cire cajar kowa. Ya bar ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin famfo a buɗe don ɗumi ya shiga. In hita ta mutu cikin dare, ya kashe famfon ruwa, ya buɗe kawunan famfo duka, ya ajiye ruwan sha da na alwala a jarka kusa da gado. Kuma ya tambayi mai ba da hayar irin kukan da na'urar gas take yi in yoyo ne, da irin wanda take yi in batir ne, don ba iri ɗaya ba ne. Duk wannan yana cikin minti arba'in ɗin.

Ranar mayar da mota yaron nan ne dai a bakin aiki. Ya taka ƙasan kicin ya ji ya yi laushi, ya buɗe kabad, ya ɗago ya dube ni. Ya zaro takardar da na sa wa hannu, ya nuna mini sakin layin da ya ce ɓarnar daskarewar ruwa a kan mai haya take. Ban yi musu ba, sa hannuna ne ɓaro-ɓaro a ƙasa. Kuɗin da suka riƙe ya isa mu kwana a wuri mai lantarki fiye da wata guda.

Yara dai ba abin da suke ba abokansu labari sai daren da muka kwana gado ɗaya da kogin da ya shigo mota. Uwargida ta riga ta ce Satumba mai zuwa za mu koma, ta fi son ta ga itatuwan larch da kyau don wancan karon kwana ɗaya kawai muka ba su. Ta ce ranar karɓar mota ita da ƙanenta za su bi yaron, ni in tsaya a waje in riƙe yara.