Abin da na koya a ɗakin adana tsofaffin zanen furanni

Na miƙa makullin ɗakin, na bar aikin. Waɗanda muka yi aiki tare a can Ingila sun san abin da ya faru, amma gara in faɗi nawa da bakina kafin a juya maganar.

Aikina shi ne tantance shafukan da aka yayyago daga tsofaffin mujallun tsirrai, yawancinsu daga Curtis's Botanical Magazine, wadda William Curtis ya fara bugawa a Landan a 1787. 'Yan kasuwa kan yanke shafi su sa a firam su sayar, sai zane ya rabu da bayaninsa. A cikin tarin akwai shafi biyu na hydrangea, ƙaramar bishiyar adon nan mai dunƙulen furanni da aka kai Ingila daga Sin a ƙarshen ƙarni na 18. Zane ɗaya ne, amma launin bai zo ɗaya ba. Oga ya yi musu kallo ɗaya ya ce guda jabu ne, a ware shi.

Hankalina bai kwanta ba. Na kwantar da fitila a gefen takardar yadda haske zai bi ta kwance, sai ga gurbin da farantin tagullar da ake buga zanen da shi ya danna a kewayen zanen, girmansa daidai a duka biyun. Har wani ɗan karce da ke kusa da ganye yana nan a kowanne. Ashe bambancin daga fenti ne. Layin zanen kawai ake bugawa, launi kuwa da hannu ake sa shi, shafi bayan shafi, kuma haka mujallar ta ci gaba har 1948. A ɗayan ma ana ganin inda burushi ya ɗan ƙetare layi. Mutum biyu ne suka yi fentin, shi ke nan.

Na rubuta wannan dalla-dalla na aika masa. Shiru. Sai da kundin baje koli ya fito na ga bayanina a ciki, kusan kalma da kalma, da sunansa shi kaɗai. Da na yi magana sai ya ce, "Ai aikin sashe ne gaba ɗaya." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Halin ba yau ya fara a wannan sana'a ba. Sydenham Edwards, wanda ya zana mafi yawan shafukan farko, ya bar mujallar bayan saɓani ya kafa tasa mujallar, Botanical Register, a 1815. Walter Hood Fitch ya yi wa mujallar Curtis zane kusan 2,700, ya tafi a 1877 saboda rigimar kuɗi da Joseph Hooker, shugaban lambun tsirrai na Kew da ke Landan. Su dai sunansu na nan a ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Masu fentin kuwa, waɗanda launinsu ne ke jan mai saye, ba a sa nasu a shafin ba.

Ga mai zuwa bayana: fensir kawai ake shiga da shi, kar ka kusanci takarda da biro. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, domin da safa ba ka jin takardar, sai ka yage gefenta. Kar ka yanke hukunci a kan launi daga hoton kwamfuta. Duk abin da ka gano kuma ka aika shi ta imel, ka sa mutum na uku a ciki. Ni na sa shugabar sashe, saboda haka ta san wanda ya rubuta bayanin, ko da yake har na tafi ba a gyara kundin ba.