Tabarau ta intanet: darasi daga Warby Parker

Tun da likita a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ya rubuta mini takardar gilashin karatu, nake bibiyar labarin masu sayar da tabarau ta intanet. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Warby Parker, kamfanin da ɗalibai huɗu na makarantar kasuwanci ta Wharton a Amurka suka kafa a 2010, bayan sun lura cewa kamfanin Luxottica na Italiya ya mamaye kasuwar har farashi ya fi ƙarfin talaka.

Dabararsu ita ce su zana firam ɗinsu da kansu, su kauce wa dillalai, su sayar kai tsaye a kan dala 95 har da gilashin magani. Domin mutum ba ya son sayen abin da bai ɗora a fuskarsa ba, suka riƙa aika wa mai saye firam biyar ya gwada a gida kwana biyar kyauta. Abin mamaki, a 2013 suka buɗe shago a New York, wato intanet kaɗai ba ta wadatar ba.

Ni ma na ga dalili. Takardar likitana ba ta nuna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanuna ba, kuma sai da wannan awon ake daidaita tsakiyar gilashi. Ƙanwata ta auna mini da rula a tsakar gida, sau uku, kowane awo daban. Washegari na koma wurin mai gwajin ido.