Tiyar hatsi da bakin magana

A fadar da nake zama da maraice a nan Tahoua akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda duk lokacin da hira ta gangaro kan siyasa yakan ce mai jin yunwa ba ruwansa da dimokuraɗiyya, a ba shi tiyar hatsi tukuna. Yawancin 'yan fadar sukan gyaɗa kai, kuma ban ga laifinsu ba, domin tun zaɓen 1993 suke ganin ana shiga ƙauyuka da turamen atamfa da sabulu da sukari, a kwashe ƙuri'a a wuce, rijiya tana nan a ƙafe, samarin Adar kuma suna ta tafiya biɗa Abijan da Libiya.

Na daɗe ina juya maganar, kuma shekarar 2005 ce ta hana ni amincewa da ita gaba ɗaya. A shekarar nan, bayan fari da farin ɗango na 2004, yunwa ta kama miliyoyin 'yan Nijar, amma zaɓaɓɓen shugaba, Tandja Mamadou, ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. Wannan hujja ce ga dattijon, ban ƙi ba. Sai dai a watan Maris na shekarar, da gwamnati ta ɗora harajin TVA, wato harajin da ake ƙarawa a kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, ƙungiyoyin fararen hula suka fito zanga-zanga a Yamai, aka rufe kasuwanni, aka kama jagororinsu, daga bisani gwamnati ta ja da baya. Abin da ya kare aljihun talaka a ranar shi ne damar fitowa ya yi ƙorafi. Mulkin soja kuwa bai taɓa zama maganin yunwa ba: Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a 1974 yana kafa hujja da ita, amma a zamaninsa aka yi ta 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El-Buhari.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga jiharmu ya fito. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a kan jaka 240 na sefa a matsayin wahaya, wato baiwar da namiji ke ajiyewa ban da matansa na aure, a yankin Ƙonni. Dokar da ta mayar da bauta laifi ta samu tun 2003, amma sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata, aka kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a 2008 ta ce Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umurci a biya ta miliyan 10 na sefa. Babu wanda ya fi wannan mata talauci a lokacin, kuma buhun hatsi ba zai fitar da ita daga gidan ba.

Shekaranjiya, ana zuba shayi na biyu, na ce masa: "Malam, idan aka yi alkawarin tiyar aka hana, wa talaka zai kai wa kuka, kuma da wane baki?" Ya daɗe yana kaɗa kofinsa, sannan ya ce a zamaninsu hakimi ake kai wa. Wani yaro mai kabu-kabu ya tambaye shi ko hakimin yana saurare, sai aka kira sallar magariba.