Littafin bashin taki a cikin Excel

Kawuna yana sayar da taki a Maradi, kuma kowace damina yakan ba manoman gero da wake bashi, su biya da kaka. Ni ke riƙe masa littafi. Bara ya ce mini, "Kai da ka yi boko, ba ka iya gane wanda zai biya tun kafin a ɗora masa buhu?" Na ce, "Kawu, bari in gwada."

Na zuba littafin cikin Excel: 1 ga wanda ya biya, 0 ga wanda bai biya ba, sai faɗin gona, nisan ƙauye daga gari, da yawan daminar da mutum ya yi yana hulɗa da mu. Da fari na sa DROITEREG (sunan wani umarnin lissafi ne na Excel, tunda kwamfutata da Faransanci take) ta ja mini miƙaƙƙen layi da zai hasashi yiwuwar biyan kowane manomi. Sai ga hasashen wani manomi na wajen Jiratawa ya haura 1, na wani kuma ya faɗi ƙasa da sifili. Yiwuwar abu kuwa ba ta fita daga tsakanin 0 da 1.

Maganin shi ne lanƙwasa layin, irin lanƙwasar da Verhulst ɗan Beljiyam ya fitar a 1838 don lissafin ƙaruwar jama'a. Kowane bayani na ninka shi da nauyinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin tasirinsa, na tara, na kira jimlar z, sannan na fitar da p, wato yiwuwar biya: p=1/(1+EXP(-z)). A shafi na gaba, wanda ya biya na ɗauki LN(p), wanda bai biya ba LN(1-p), lambobin da ke ƙaruwa idan hasashen ya dace da abin da ya faru. Na haɗa su duka, na ce wa Solveur, kayan aikin Excel da ke laluben lambobin da suka fi dacewa, ya juya nauyin har jimlar ta kai ƙololuwa.

Nan na sha wahala. Kwana biyu nauyin nisa yana tsaye cak a sifili, alhali na san na nesa sun fi jinkiri. Ashe akwai wani ɗan akwati a Solveur da ke zuwa a cike, yana hana lamba sauka ƙasa da sifili. Ina cire alamar, nauyin ya gangara.

Abin da ya dame ni, littafin ya ƙunshi waɗanda Kawu ya riga ya yarda da su ne kawai. Wanda aka hana bashi ba ya ciki. Na gaya masa haka ƙarara. Bana mun fara rubuta har da waɗanda suka zo nema aka ba su haƙuri.