Harafin da ido ba ya gani

Jumma'ar nan zan ajiye aiki, kuma a duk zaman da na yi a sashenmu, ba abin da ya tsaya min a rai kamar wani harafi guda.

Ni na rubuta ɗan shirin Bash (harshen ba wa kwamfutar Linux umarni) da ke bin fayilolin log, inda kwamfutoci ke rubuta abin da ya faru, kowane dare, yana ƙirga layukan da suka ƙare da FAILED, wato aiki ya gaza. Lafiya lau yake aiki, har ranar da aka ƙaro sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) mai Windows ba tare da an ce min uffan ba. Mako uku rahotonta na nuna sifili, muna ta murna, ashe kullum sai ajiyar bayananta ta faɗi. Da asiri ya tonu, oga ya wanke ni tas a gaban kowa, ya ce sakaci ne. Shi da ya sa hannu aka ƙaro sabar bai ga nasa laifin ba.

Kwana biyu ina zura wa fayil ɗin ido. Ga FAILED ɓaro-ɓaro, amma shirin ya ce babu. Sai da na sa ya buga min kalmar tsakanin baka biyu, na ga bakan rufewa ya dawo farkon layi ya hau kan na buɗewa. Nan jikina ya yi sanyi. Na buga cat -A, umarnin da ke nuna ɓoyayyun haruffa, sai ga ^M a wutsiyar kowane layi.

Linux da ɓoyayyen harafin LF kaɗai yake rufe layi, wato lamba 10. Windows kuwa sai ya fara sa CR, lamba 13, wato ^M ɗin da na gani, kafin LF, gadon injinan buga saƙo na da, inda umarni ɗaya ke mayar da kan injin farkon layi, ɗaya kuma ya tura takarda sama. Umarnin read, da shirin ke karanta layi da shi, yana yanke LF ya bar CR manne da kalmar ƙarshe, don haka kwatanta ta da FAILED ba zai taɓa dacewa ba. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: tr -d '\r', umarnin da ke goge CR.

Sauran darussan gajeru ne. Layin ƙarshe in ba shi da LF, while read tsallake shi yake yi. Sifilin da ya daɗe kuma abin tuhuma ne.

Wanda zai gaje ni, ka riƙa neman a rubuta maka duk sauyin da aka yi wa sabar. Gyarana na nan a layi na huɗu. Har yau shi ke aiki, kuma har yau oga bai tambayi me ya faru ba.