Sunan wa ke kan mita?

Ranar da muka fara zuwa ƙauyen, can cikin Jigawa, ni kaɗai ce mace a motar, aikina kuma riƙe takardar sa hannu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, dattawa a gaba, samari tsaitsaye a baya. Muka yi bayanin ƙaramar tashar sola da za mu kafa, muka tambayi abin da ake so a yi da wutar. Aka ce fitila da lasifika a masallaci, cajin waya, fanka, gidan kallon ƙwallo, sai wani mai walda da janareta ya ishe shi. Aka shafa fatiha aka watse. A takardar akwai gurbin da aka rubuta "adadin mata". Wasu tsofaffi biyu masu sayar da daddawa a gindin darbejiya na ƙirga na rubuta 2, kuma har yau ina jin kunyar wannan lambar.

Masu ba da kuɗin aikin sun sa gurbin ne saboda muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, na 5 kan daidaito tsakanin mata da maza, na 7 kan makamashi. Mu dai a lokacin fatanmu kada a dawo mana da takarda.

Wata uku da kunna wuta, lissafi ya ƙi fita. Farantan sola da rana suke aiki, kafin azahar batura sun cika, sauran wutar ta tafi a banza. Da magariba kowa ya kunna kayansa lokaci guda, kafin tsakar dare batura sun yi sanyi, ga shi su ne mafi tsada a tashar. Duk buƙatun da muka rubuta a ƙofar dagaci na dare ne, in ban da waldar.

Ba wata dabara ce ta kai ni cikin gida ba, alwala na shiga yi. Na tarar da wata dattijuwa a tsakar gida, gyaɗa soyayya cike da tabarma, tana jiran jikarta da ta ɗauki bokiti tun hantsi zuwa garin gaba markaɗe. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mai injin garinsu ya rufe, na garin gaba kuma ya ƙara kuɗi. Na ce, "Inna, ga wuta a bakin ƙofa, ba ku amfani da ita?" Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai wutar taku ta masu gida ce."

Na ɗauka magana ce kawai, ashe bayani take yi min. Mun yi rajistar kowace mita da sunan mai gida da lambar wayarsa, in an sayi wuta can lambobin ke zuwa. Mazan kuwa da an gama girbi sun tafi cin rani, wani Legas, wani Fatakwal. Sai mace ta kwana uku a duhu da kuɗinta ɗaure a bakin zani, tana jiran a samu mijinta a waya ya karanto mata lamba. Mu injiniyoyi muna ta auna batir, ba wanda ya ga wannan.

Gyaran bai yi wahala yadda na zata ba. Muka fara neman izinin mazan ta hannun dagaci da liman, don tsallake su rushe aikin zai yi. Muka mayar da taron mata gidan uwar adashi, bayan azahar, lokacin da aka sauke tukunyar rana. Aka buɗe rajista da sunan duk wanda ke biya, mace ko namiji, aka ba wata bazawara sayar da katin wuta daga ɗakinta. Muka rage farashin wutar da ake sha da rana. Matan suka haɗa kwasar adashi suka sa rabin kuɗin injin markaɗe mai aiki da lantarki, wata kuma ta sayi firiza tana sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi. Wutar da ke zubewa da rana ta sami masu saye. A wani gidan dai, da injin ya fara kawo kuɗi sai mijin ya ce nasa ne, kuma takardarmu ba ta da abin da za ta ce masa, don ba mu rubuta mallaka da sunan matan ba. Daga nan na daina miƙa kaya ba tare da rubutu a gaban shaidu ba.

Murhu ne ya fi koya min hankali. Lantarkinmu ba ya dafa tuwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na kashe mutane kusan miliyan 3 a shekara, don haka na kawo murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan. Bayan wata guda na iske ɗaya kaza na kwanci a ciki. Inna ba ta yi musu da ni ba. Ta ɗora tukunyar tuwon gidan, ta miƙo min muciya ta ce, "Tuƙa." Juyi biyu na yi, murhu da tukunya suka nemi kifewa a ƙafata. Duwatsun murhunta uku ba sa motsi komai ƙarfin tuƙi. Batun rage kuɗin itace ma bai dame ta ba, kara take ƙonawa, daga gona ake kawo shi kyauta. Sai da muka zauna da maƙerin garin, matan na faɗin faɗi da tsawon da suke so, aka yi mai gindi wanda ake dasawa a ƙasa da yumɓu.

A rahotona na farko na rubuta cewa jikar Inna za ta sami lokacin makaranta tunda an huta da tafiyar markaɗe. Zuwana na ƙarshe na gamu da ita a hanyar kasuwa da misalin ƙarfe goma, faranti a ka. Ƙuli-ƙulin ya ƙaru, tallan ma ya ƙaru. Na yi wa Inna maganar, ta goge hannunta a zani ta ce, "To ke za ki kai min kasuwa?"