Godiya ga duk waɗanda suka zo zaman Lionel Richie

Assalamu alaikum 'yan uwa masu son tsofaffin waƙoƙi. Alhamdulillahi zaman jiya Asabar ya tashi lafiya kowa ya koma gida lafiya, to dole in fito in yi godiya duk da har yanzu muryata a dishe take saboda musu.

Farko dai Baba Alhaji da ya ba mu farfajiyar gidansa da kujeru da tabarmi, Allah ya ƙara girma ya ja kwana. Hajiya da 'yan matanta da suka haɗa mana zoɓo da cincin, mun ci mun sha, Allah ya saka da alheri. Sai ƙanenmu mai gyaran rediyo, wlh ba don shi ba da haka za a watse ba a ji komai ba, don tsohuwar rikodar nan tana fara juyawa ta cinye zaren kaset ɗin, yaron nan ya zauna da biro yana naɗe shi a hankali, aka ɗauke wuta ya kunna fitilar waya ya ci gaba abinsa har ta tashi. Allah ya yi maka albarka.

Ina kuma godiya ta musamman ga 'yan ɓangaren Commodores, tsohuwar ƙungiyar mawaƙan da Lionel Richie yake ciki, da suka taso ni a gaba wai mutumin ya ci amanar abokansa, sun faro tare tun suna ɗalibai a Tuskegee ta jihar Alabama a Amurka a 1968, yana busa saksofon a cikinsu, sai da suka yi suna a kamfanin waƙa na Motown ya tattara ya bar su a 1982 ya koma waƙoƙin sanyi na masoya. Na ji ku, amma fa ina nan a kan bakana. Sanyin nan ai a cikin ƙungiyar ya fara shi, ku saurari Easy ta 1977 da Three Times a Lady ta 1978, duk shi ya rubuta, kuma ta biyun ita ta fara kai su lamba ɗaya a Billboard Hot 100, babban jadawalin waƙoƙin Amurka, ba kiɗan rawar da kuke taƙama da shi ba. A 1980 ya rubuta wa Kenny Rogers waƙa ta yi ta ɗaya, 1981 ga shi da Diana Ross, to mutum irin wannan dan Allah ya za a yi ka ce ya tsaya yana jiran layi? Kundinsa Can't Slow Down na 1983 shi ya ci kyautar Grammy ta gwarzon kundin shekara a 1985. Inda Yaya ya kama ni kuwa gaskiyarsa ne, su ma Commodores ba su mutu ba, waƙarsu Nightshift ta ba su Grammy a 1986 babu shi a ciki, wannan kam na sallama.

Wanda ya zo da faifan garmaho tun daga Zariya a cikin jaka ya rungume kamar jariri, Allah ya bar zumunci, ka yi haƙuri ba mu samu injin sa shi ba. Waɗanda na manta ban ambata ba a yafe ni.

An ce zama na gaba Phil Collins da ƙungiyar Genesis ne, mai kaset ya fara kakkaɓe ƙura. Kuma wanda ya tafi da murfin kular Hajiya dan Allah ya maido, tun safe take kira na.